Mai mota da motarsa: Me ke harzuƙa masu sha'awar motocin ƙasaita?

A duk lokacin da wani attajiri ya farfasa, ko ya ƙona, ko ya yi watsi da wata mota mai tsadar gaske, masu sha'awar motoci a sassa daban-daban na duniya kan yi masa ca, tamkar dai da kuɗinsu aka sayo ta.

Amsar da masu irin waɗannan motoci kan bayar ba ta cika sauyawa ba: dukiyarsu ce, kuma babu wanda ya taya su nemanta.

Wannan taƙaddama ta daɗe a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa, kuma ta iso arewacin Najeriya da irin tata kamar, ta hanyar wasan mota da matasa ke yi a lokutan bukukuwa.

Motocin da ake magana a kai, irin su Ferrari da Lamborghini da Bugatti da McLaren, ba a ƙera su domin hanyoyin karkara ba. Tazarar da ke tsakanin cikinsu da ƙasa ba ta cika wuce santimita 10 zuwa 12 ba, wato tsawon ɗan yatsa da 'yan kai. Hanyoyin da ake bi zuwa ƙauyukan Anka da Bukkuyum da Gummi a yammacin jihar Zamfara, waɗanda damina ke zaizayewa, ba su ma cikin lissafin waɗanda suka zana su.

To amma tambayar da ke ƙarƙashin rigimar ta shafi mutumin Bagega kamar yadda ta shafi mutumin Landan: shin mallakar abu na bai wa mutum 'yancin lalata shi?

Guduma a bainar jama'a

A ranar 15 ga watan Maris na shekarar 2011, wani ɗan kasuwa a birnin Qingdao na ƙasar Sin ya ɗauko hayar ma'aikata, ya ba su manyan gudumomi, suka ragargaza motarsa ƙirar Lamborghini Gallardo a gaban 'yan jarida da 'yan kallo.

Ya zaɓi ranar ce da gangan, domin ita ce ranar kare haƙƙin masu sayen kaya ta duniya. Ƙorafinsa shi ne dillalan motar sun kasa gyara masa ita yadda ya kamata.

Bayan shekara biyu, a watan Mayun 2013, wani mutumin ya maimaita irin wannan a birnin, inda aka farfasa Maserati Quattroporte a bakin wurin baje kolin motoci.

Masu sha'awar motoci da dama sun amince cewa mai saye na da haƙƙin yin ƙorafi. Abin da suka kasa haɗiyewa shi ne hukunta motar a kan laifin da ake zargin dillali da aikatawa. A ganinsu, wannan daidai yake da mutum ya yi faɗa da mai sayar da harawa, ya dawo gida ya karya ƙafar dokinsa.

Akwai kuma wanda ya fi wannan muni a wajensu.

A watan Nuwamban 2009, wani mutum ya kutsa da Bugatti Veyron cikin wata fadamar ruwan gishiri a La Marque da ke jihar Texas ta Amurka. Ya ce wani tsuntsu ne ya ɗauke masa hankali.

Sai dai bai san cewa wasu da ke tafiya a gefensa suna ɗaukar hoton bidiyon motar ba, saboda sha'awa. A hoton babu tsuntsu.

Bincike ya nuna cewa ya sayi motar a kan dala miliyan 1, ya yi mata inshorar dala miliyan 2.2, kuma bayan ta faɗa ruwan ya bar injin yana aiki har ya zuƙi ruwan gishirin ya lalace. Ya amsa laifin zamba a 2014, aka yanke masa ɗaurin shekara guda da kwana ɗaya a 2015.

Abin lura a nan shi ne, mai sha'awar mota ne ya ɗauki hoton da ya tona asirin.

Me ya sa abin ke yi musu ciwo?

Dalili na farko shi ne ƙarancin motocin.

Bugatti Veyron guda 450 kacal aka ƙera tsakanin 2005 da 2015. Injinta na da silinda 16, kuma ta farkon tana gudun kilomita 407 a sa'a guda. Ferrari Enzo guda 400 ne kamfanin ya ce ya ƙera. McLaren F1 guda 106 ne, kuma 64 ne kawai daga ciki aka yi domin hawa titi.

Idan aka lalata Toyota Corolla guda, akwai miliyoyi da za su maye gurbinta. Idan aka lalata ɗaya daga cikin waɗancan, adadin ya ragu ke nan, domin kamfanin ya rufe ƙera su.

Wannan ne ya sa masu tara tsofaffin motoci kan ɗauki kansu a matsayin masu riƙon amana na ɗan lokaci. Motar za ta iya fin mai ita tsawon rai, ta wuce hannun wani, kamar yadda tsohon littafin da aka rubuta da hannu ke wucewa daga malami zuwa jikokinsa.

Farashin ma ya bi wannan tunani. Ferrari 250 GTO, wadda aka ƙera guda 36 tsakanin 1962 da 1964, an sayar da ɗaya a gwanjo a kan dala miliyan 48.4 a shekarar 2018. A watan Mayun 2022 kuma aka sayar da wata Marsandi ta 1955, ɗaya daga cikin biyu tak da aka yi, a kan Yuro miliyan 135.

Dalili na biyu shi ne aikin hannun da ke cikinsu. Yawancin irin waɗannan motoci mutane ne ke harhaɗa su, tun daga injin har ɗinkin fatar kujeru. A McLaren F1 har da siririn zinare aka shimfiɗa a ɗakin injin, domin zinare na mayar da zafi baya. Wanda ya san wahalar sana'a, ko maƙeri ne ko baduku, ya san zafin ganin an wulaƙanta aikin gwani.

Akwai dalili na uku da ba a cika faɗa ba. Mafi yawan masu fusatar ba su taɓa hawa irin motar ba, kuma sun san da wuya su taɓa mallakarta. Tun suna yara suke liƙa hotonta a bango. Ganin wani ya same ta ya mayar da ita abin wasa na taɓa musu wani wuri da ya wuce maganar ƙarfe da taya.

Masu irin motocin kan kira wannan hassada. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin, amma bai bayyana dalilin da ya sa attajirai masu tarin motoci su ma ke shiga sahun masu sukar ba.

Yadda ake kashe mota ba tare da guduma ba

Kanikawa sun fi damuwa da ɓarnar da ba a gani.

Idan mota ta kwana, baƙin mai kan koma ƙasan injin ya yi kauri. Wanda ya tayar da ita ya danna totur nan take domin jama'a su ji ƙara, yana sa ƙarfe ya goga ƙarfe kafin man ya zagaya.

Haka kuma taka totur alhali mota na tsaye wuri guda na tara zafi, domin an zana motocin ne yadda iskar gudu za ta riƙa sanyaya su. A shekarar 2017 kamfanin Lamborghini ya yi kiran a dawo da dubban motocin Aventador domin gyara, bayan gano cewa idan an cika tanki fiye da ƙima, sannan ana taka totur a tsaye, tururin fetur na iya haɗuwa da zafin salansa ya kama wuta.

Cunkoson cikin gari ma na cin kulocin wasu daga cikinsu, musamman na shekarun 2000, waɗanda giyarsu ba ta son tafiyar hawainiya.

Sai kuma batun mai. Masu ƙera motocin na ba da shawarar a sa musu fetur mai daraja ta 98 a ma'aunin da ake kira oktan, wanda ba shi ne ake samu a gidajen mai na yau da kullum a Najeriya ba. Fetur mai rauni kan kama wuta a cikin silinda kafin lokacinsa, ya riƙa dukan fistin.

Masu motoci a Najeriya ba su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol daga Turai, wanda ya lalata injinan motoci da dama, ya kuma haddasa dogayen layuka a gidajen mai. Abin da ya kwantar da ƙaramar motar haya, ba sai an faɗi abin da zai yi wa injin da aka ƙera da tsananin ƙa'ida ba.

Ajiya ma cuta ce

A nan ne kan masu sha'awar motocin ya rabu biyu.

Ɓangare guda na ganin cewa mutunta mota shi ne a killace ta a gareji, a lulluɓe, kada a bari kilomita ta hau, domin darajarta ta ƙaru. Ɗaya ɓangaren kuma na cewa wannan ma wulaƙanci ne, kuma ilimin kanikanci na bayansu.

Motar da ta daɗe a tsaye tayoyinta kan lotsa ta gefen da ke ƙasa. Robobin da ke toshe mai kan bushe su tsattsage. Fetur kan lalace a tanki, man birki kan tsotsi danshi, batir ya mutu. Bel ɗin injin kan tsufa da shekaru ko da motar ba ta motsa ba, kuma a wasu motocin Ferrari na shekarun 1990 sai an sauke injin gaba ɗaya kafin a canza shi.

Misalin da aka fi bayarwa shi ne na ƙasar Brunei, inda Sarki Hassanal Bolkiah da ƙaninsa Yarima Jefri suka tara dubban motoci a shekarun 1980 da 1990, wasunsu ma an ƙera su ne musamman domin gidan sarautar.

Bayan rushewar harkokin kasuwancin Yariman a 1998, an bar da yawa daga cikinsu a rumbuna. Wani dillalin Ferrari daga Amurka da ya shiga wurin a 2002 ya ba da labarin yadda zafi da danshin ƙasar suka cinye su, fumfuna ta rufe kujeru, robobi suka narke.

A Dubai kuwa, bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, baƙi da dama da bashi ya yi wa katutu sun gudu sun bar motocinsu a filin jirgin sama da gefen tituna, domin a lokacin bayar da cekin da babu kuɗi a bayansa na iya kai mutum kurkuku. An sassauta wannan doka a farkon 2022.

Hoton wata Ferrari Enzo da ƙura ta binne a wani filin ajiyar 'yan sandan birnin, wanda ya bazu a 2012, ya tayar da hankalin masu sha'awar motoci fiye da hotunan haɗurra da yawa.

Wannan ne ya sa wasu da suka yi haɗari da motocinsu suka sami sassauci.

Ɗan wasan barkwancin Ingila Rowan Atkinson, wanda aka fi sani da Mr Bean, ya sayi McLaren F1 a 1997, kuma ya riƙa hawanta kamar kowace mota. Sau biyu yana haɗari da ita. Na biyun, a 2011, ya ci wa kamfanin inshora fam 910,000 wajen gyara. Duk da haka an ba da rahoton cewa ya sayar da ita a kan kimanin fam miliyan 8 a 2015.

Masu sha'awar motoci ba su tsine masa ba. Da yawansu ma yaba masa suka yi, domin ya yi amfani da motar a kan abin da aka yi ta dominsa.

Ba haka aka yi wa wani ɗan kasuwar Sweden ba, wanda Ferrari Enzo ta rabe gida biyu a hannunsa a Malibu ta jihar Kalifoniya a watan Fabrairun 2006, bayan ta daki turken lantarki tana gudun da aka ƙiyasta ya kai kilomita 260 a sa'a, a kan hanyar da kowa ke bi. Bambancin a wajen masu sukar shi ne ganganci da rayukan jama'a.

Toka mai tsada

Zamanin intanet ya kawo wani sabon salo, inda lalata motar ita ce sana'ar.

A watan Agustan 2023, wani matashi Ba'amurke mai tashar WhistlinDiesel a YouTube ya shiga wata busasshiyar gonar masara da Ferrari F8, wadda kuɗinta ya kai kimanin dala 400,000. Karan masara ya cushe a ƙafafunta, zafin birki ya kunna shi, motar ta ƙone ƙurmus.

Tun kafin nan ya sha gallaza wa motar a hotunan da yake fitarwa, kuma bai ɓoye cewa tsokanar kamfanin da masoyansa yake yi ba.

Hausawa na cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada. A wannan kasuwa, yawan 'yan kallo shi ne kuɗi, kuma wanda ya kalla cikin fushi da wanda ya kalla cikin nishaɗi duk ɗaya ake ƙirga su. Masu zagin nasa na daga cikin masu biyan kuɗin motar da za a ƙona nan gaba.

Su ma kamfanonin ba su naɗe hannu ba. A 2014 lauyoyin Ferrari sun aika wa mawaƙin Kanada Deadmau5 takardar gargaɗi, bayan ya sauya wa motarsa kama, ya kuma maye tambarin kamfanin da nasa. A 2017 kamfanin Ford ya kai ɗan kokawa John Cena kotu, saboda ya sayar da Ford GT kafin cikar shekara biyun da ya sa hannu zai riƙe ta. An sasanta a 2018.

A nan sai masu sha'awar motocin da yawa suka juya suka goyi bayan masu motar, suna tambayar ko mutum saye ya yi ko aro. Ke nan su kansu ba su da matsaya guda a kan iyakar ikon mai abu.

Akwai kuma lokacin da hukuma ce ke riƙe da gudumar. A watan Yulin 2018 shugaban Filifins na lokacin, Rodrigo Duterte, ya tsaya yana kallo katafila ta murƙushe motoci 68 da babura 8 da aka yi fasa-ƙwaurinsu, waɗanda aka ƙiyasta kuɗinsu a kan dala miliyan 5.5. Masu suka sun ce da gwanjonsu aka yi aka zuba kuɗin a baitulmali. Gwamnatin ta ce gwanjo kan mayar da motocin hannun 'yan fasa-ƙwaurin ne ta bayan gida.

Wasan mota a Arewa

A biranen Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya da Abuja, abin da ya fi kusa da wannan rigima shi ne wasan mota.

A lokutan ɗaurin aure, da bukukuwan Sallah, da na kammala makaranta, matasa kan taru a wani fili ko mahaɗar titi. Direba ya taka totur, ya ja birkin hannu, ya karya sitiyari, motar ta riƙa juyawa a wuri guda, ƙura da hayaƙin taya na tashi, 'yan kallo na sowa a kusa da ita.

Yawanci tsofaffin BMW da Marsandi ake amfani da su, saboda ƙafafun baya ne ke tura su, abin da ke sauƙaƙa zamewar. Wani lokaci kuma motar gida ce yaro ya ɗauko ba da sanin mahaifinsa ba, ko ta aro. Tayoyin da za su yi shekara kan ƙare a yammaci guda, kuma kanikawa da masu sayar da kayan gyara a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna sun san motar da ta sha wasa da zarar sun leƙa ƙarƙashinta.

Ba a Najeriya aka fara ba. A Japan ne salon zamiya da mota ya bunƙasa a shekarun 1970 da 1980, har ya zama gasa mai dokoki. A Soweto ta Afirka ta Kudu akwai irinsa, da tsohuwar BMW 325i. A Saudiyya ana kiransa tafhiɗ, kuma a 2016 hukumomi suka ɗaga tararsa zuwa Riyal 20,000 a karon farko, 40,000 a na biyu, 60,000 a na uku. A Landan ma, ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea ta kafa doka a 2015 a kan masu tayar da ƙarar injin, bayan koke-koken mazauna unguwar a kan motocin attajiran yankin Gulf da ake kawowa hutun bazara.

A arewacin Najeriya an sha samun mota ta ƙwace ta afka cikin 'yan kallo, kuma rundunonin 'yan sanda da gwamnatocin jihohi sun sha sanar da haramta wasan. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade gudun kilomita 50 a sa'a a cikin gari. Amma sanarwar kan yi tasiri na ɗan lokaci ne, wasan ya dawo.

Daga cikin masu adawa da shi har da matasan da suka ɗauki tuƙin zamiya a matsayin wasan motsa jiki. Hujjarsu ita ce a killataccen fili ake yinsa, da motar da aka shirya domin haka, da hular kwano, da shinge tsakanin mota da jama'a. Suna ganin masu yi a titi na ɓata musu suna.

Yankin ba baƙo ba ne ga tseren mota mai tsari. An daɗe ana haɗa gasar motoci da bikin kamun kifi na Argungu. Fijo 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ita ce ta lashe gasar Safari ta gabashin Afirka a wannan shekarar.

Dattawa kuma na da ma'aunin da ya girmi mota. A ƙasar Hausa doki ne abin hawan ƙasaita, har akwai sarautar Shamaki mai kula da bargar sarki. Ana sukuwa, ana hawan Sallah, babu mai cewa an zalunci doki don an sake masa linzami. Amma wanda ya yage bakin dokinsa da linzami, ko ya huda cikinsa da ƙaimi don burge 'yan mata, ko ya bar shi a turke ba kilisa har ƙafafunsa suka kumbura, mahaya ba sa ganinsa da daraja, kome tsadar sirdinsa. Kusan duk abin da masu sha'awar Ferrari ke faɗa a yau, masu dawaki sun riga su faɗa.

Bambancin dai shi ne doki na da rai, kuma yana jin zafi. Mota ba ta ji. Saboda haka idan akwai wanda aka zalunta, sai a neme shi a wani wurin.

Me shari'a ta ce?

Dokokin yawancin ƙasashe ba su hana mutum farfasa motarsa ba, muddin bai cuci wani ba, bai kuma yaudari kamfanin inshora ba. Ba a kama masu gudumar Qingdao ba. An ɗaure na Texas ne saboda zamba.

Fiƙihun Musulunci ya ɗauki wata hanyar daban. Alƙur'ani ya yi hani da almubazzaranci a cikin Suratul Isra'i, ya kuma yi hani a Suratun Nisa'i da a miƙa wa wawaye dukiya. Akwai kuma hadisi ingantacce da ya ambaci tozarta dukiya a cikin abubuwan da Allah Ya ƙi.

A kan haka ne malamai suka gina babin da ake kira hajru, wato alƙali ya hana wanda ba ya iya tattalin dukiyarsa yin tasarrufi da ita, ya naɗa masa mai kula. Mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a arewacin Najeriya da Nijar, ta yarda a yi wa baligi haka idan wautarsa ta tabbata. An san Imam Abu Hanifa da saɓa wa wannan, domin a ganinsa tauye 'yancin baligi mai hankali ya fi asarar dukiyar muni, ko da yake manyan almajiransa biyu ba su bi shi a kai ba.

Wato dai muhawarar da ake yi a yau tsakanin mai cewa dukiyata ce da mai cewa amana ce, malamai sun tafka ta fiye da shekara dubu da suka wuce.

Malamai ba su haramta mallakar abin hawa mai kyau ga wanda ya samu ta halal ba. Inda suka tsaya shi ne lalata shi da gangan, da yin alfahari da shi, da kuma jefa rayuka cikin haɗari.

Ma'aunin Bagega

A Zamfara, jihar da ta fara faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, akwai garin da ya san abin da irin waɗannan kuɗaɗe ke iya yi.

A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Dalili shi ne gubar dalma da ke cikin duwatsun zinaren da ake daka wa da niƙawa a cikin gidaje. Aƙalla yara 400 ne suka rasu.

An tsabtace ƙauyuka bakwai, ciki har da Dareta da Abare da 'Yargalma, amma aka bar Bagega, wadda ta fi su girma. Likitoci sun ce ba za su iya fara bai wa yaran magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, domin yaron da aka yi wa magani ya koma cikin ƙurar zai sake kamuwa.

A watan Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin Naira miliyan 850, wato dala miliyan 5 da 'yan kai a canjin lokacin. Kuɗin ba su fito ba sai a ƙarshen Janairun 2013, bayan matsin lamba daga MSF da Human Rights Watch da wasu matasan Najeriya da suka yi gangamin neman a ceci garin. A cikin watannin da aka yi ana jira, yara kimanin 1,500 ne aka ƙiyasta suna buƙatar magani.

Adadin ya yi kusan daidai da kuɗin motocin da katafila ta taka a Filifins cikin yini guda.

Akwai kuma wani gwanjo da aka yi a kusa da birnin Geneva na ƙasar Switzerland a ranar 29 ga Satumban 2019. Motoci 25 ne da masu gabatar da ƙara suka ƙwace daga hannun Teodorin Obiang, mataimakin shugaban Equatorial Guinea kuma ɗan shugaban ƙasar, a wani binciken halatta kuɗin haram. An sayar da su a kan kimanin dala miliyan 27, bisa yarjejeniyar cewa za a kashe kuɗin a ayyukan jin daɗin jama'ar ƙasarsa.

Babu wanda ya taɓa waɗannan motoci da guduma. An adana su tsaf, kuma masu sha'awar motoci sun yi tururuwa zuwa kallonsu.

Wadda ta fi tsada a cikinsu ita ce Lamborghini Veneno mai buɗaɗɗen sama, ɗaya daga cikin tara da aka ƙera. An saye ta a kan sama da dala miliyan 8, wato fiye da dukkan abin da Bagega ta shafe wata takwas tana jira.

A ranar gwanjon, tafiyar da motar ta yi tun da aka ƙera ta kilomita 325 ce, ba ta kai nisan Abuja zuwa Kano ba.